Shafin ƙungiyar kiɗan makaranta a intanet: wa ke riƙe shi, me ake sakawa, yaya ake miƙa shi



Yau da wuya a yi defile ko wani bikin makaranta a Matamaye, Kance, Ɗan Barto ko Kurni ba a ga wayoyi sun tashi sama ana ɗauka ba. Kafin yara su tuɓe kayan defile, bidiyonsu ya riga ya isa Kano, Yamai, Arlit da Tamanraset. Shi ya sa ƙungiyoyin kiɗa na makarantu da na samari ke son buɗe shafi nasu na kansu. Buɗewa ba wuya, minti goma ya isa. Riƙewar ce aiki. Mun tanadi wannan bayani domin malamai, iyaye, ƴan kwamitin makaranta, da ƴan uwa mazauna waje da ake neman taimakonsu, kowa ya san abin da ya kamata ya tambaya.

Wace ƙungiya ake nufi?

Ƙungiyar kiɗan tafiya ita ce wadda ke kiɗa tana tafe cikin layi, ƙafa na bin ganga. Ta soja da ta ƴan sanda ita ce Bahaushe ke kira badujala, mu a Nijar mun fi cewa fanfar: ganguna, begila da sauran kayan busa na ƙarfe. Sojojin mulkin mallaka suka shigo da irin wannan. Amma kiɗan tafiya ya girme su a ƙasar nan, domin tun can makaɗan fadar Damagaram ke bin sarki a hawan sallah da kakaki, algaita da ganguna.

Ta makaranta ta fi sauƙi. Ƴan ganguna ne, da usur, da mai ba da umarni a gaba, sai ƴan waƙa da ƴan rawa. Ranakun fitarta sanannu ne: 18 ga Disamba, ranar da aka kafa Jamhuriya a 1958, da 3 ga Agusta, ranar ƴancin kai ta 1960 wadda kuma ake dashen itatuwa, sai bukin ƙarshen shekarar karatu da tarbar manyan baƙi. Mutanen jiharmu ba su manta da 2018 ba, shekarar Zinder Sabuwa, lokacin da bukin 18 ga Disamba na ƙasa ya sauka a Damagaram.

Dattawanmu kuma sun san samariya ta zamanin Shugaba Seyni Kunce, tsakanin 1974 da 1987, lokacin da samari da ƴan mata ke gasar waƙa, rawa da wasan kwaikwayo daga ƙauye har matakin ƙasa. Ka tambayi wanda ya yi samariya ya nuna maka hotonshi ko ya sa maka muryarshi, sai ka ga ƙalilan ne ke da abin nunawa. Wannan shi ne babban dalilin shafi: kada abin da yaran yau ke yi ya bi iska kamar na iyayensu.

A Amurka, jami'o'i na da irin waɗannan ƙungiyoyi masu kiɗa a filin ƙwallo lokacin hutun rabin lokaci, wasu mutanen cikinsu sun haura 300. Duk da yawan kayan aikinsu, matsalar da ke damunsu ita ce tamu: ɗalibi ba ya dawwama. Wanda ya iya shafi bana, baɗi ya gama ya tafi.

Shafi iri nawa ne?

Na farko, shafin Facebook. A lura, akwai bambanci tsakanin asusun mutum da shafin ƙungiya. Asusun mutum na mutum ɗaya ne, abokanshi ba su wuce 5,000. Shafin ƙungiya kuwa kowa na iya bin shi, kuma mutane da dama na iya riƙe shi tare, kowa da nashi asusun. Shi ya dace da makaranta. Tun 2016 ana iya juya Facebook zuwa Hausa.

Na biyu, WhatsApp. Gurup na ɗaukar mutum har 1,024, amma kowa na ganin lambar kowa. Tasha, wadda kamfanin ya fito da ita a 2023, ta fi sirri: masu bi ba su ganin lambar juna, kuma masu riƙo kaɗai ke saka abu. Gurup ya dace da iyaye da malamai, tasha ta dace da jama'ar gari da na waje.

Na uku, YouTube, wurin ajiye dogon bidiyo. Yana cin mega, amma abin da aka ɗora na nan, ana samun shi da suna ko bayan shekaru.

Na huɗu, shafi na kai mai adireshinshi. Adireshin Nijar na ƙarewa da .ne, na Najeriya da .ng. Wannan ana biyan kuɗin suna da na masauki, yawanci duk shekara. Ranar da aka daina biya, shafin ya rufe, sunan ma wani na iya saye.

Ga makarantar ƙauye ko CEG ta gunduma, shafin Facebook ɗaya da tasha ko gurup ɗaya na WhatsApp sun wadatar. Kada a buɗe biyar a kasa ciyar da ɗaya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Shafin na wane ne?

Nan ne ake yawan faɗuwa. Wani yaro mai wayo ya buɗe shafi da layinshi, kowa ya yaba. Ya ci BEPC ya wuce lise a Damagaram, ko ya tafi ci-rani Legas ko Aljeriya, shafi ya bi shi. Ko malami ne ya buɗe, aka yi mishi canjin wurin aiki. Ba mugunta ba ce, tun farko ne ba a tsara ba.

Shafi na makaranta ne, saboda haka:

1. A buɗe shi da iznin darakta da sanin kwamitin COGES da ƙungiyar iyaye.
2. A sayi layi na musamman domin shi. Tunda ana rajistar layi da katin shaidar mutum, a zaɓi babba mazaunin gari wanda ba ya shirin tashi, a rubuta cewa layin amana ne a hannunshi.
3. A buɗe adireshin imel na ƙungiya, a ɗaura shafukan duka a kanshi.
4. Masu riƙo su zama uku: malami ɗaya, ɗaya daga iyaye, da ɗalibi ɗaya. Manya biyun su ke da cikakken iko. Ɗalibi a ba shi ikon saka labari da hoto, ban da ikon cire wani ko goge shafi. Facebook bai yarda da wanda bai kai shekara 13 ba.
5. A samu kaye ɗaya, a rubuta sunan shafi, lambar layi, ranar buɗewa da sunayen masu riƙo, a ajiye a ofishin darakta.

Layin kuma kada a jefa shi a akwati a manta. Ko na Airtel ne, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms, layin da ya daɗe ba ya aiki kamfani na iya rufe shi ya ba wani lambar. WhatsApp kan goge asusun da ya yi kwana 120 bai hau ba, Google kuma na iya goge wanda ya shekara 2 ba a taɓa ba. A riƙa sa ɗan kiredi, a riƙa leƙawa, musamman a dogon hutu.

Me ake sakawa?

Abin da jama'a suka fi nema shi ne rana, lokaci da wuri. Yaushe ake gwaji? Ina za a taru? Wace hanya defile zai bi? A rubuta gajere, da Hausa, in da hali a ƙara Faransanci. Duk sanarwa mai muhimmanci a haɗa ta da bokal, domin iyaye da yawa ba su karanta boko amma suna sauraro. Bokal na minti ɗaya bai kai mega ɗaya ba, alhali bidiyon minti ɗaya mai kaifi sosai na iya wuce mega 100. Wanda ke ƙauye yana hawa tudu neman rezo ba zai iya sauke wannan ba. A yanka bidiyo gajere domin WhatsApp, dogon a kai YouTube.

In za a nuna biki kai tsaye, a faɗi lokaci yadda na waje za su gane. Agogon Nijar, Najeriya da Aljeriya ɗaya ne. Libiya na gabanmu da awa 1, Saudiyya da awa 2, Gana da Kodibuwa na bayanmu da awa 1.

Wajen ɗauka, a kwantar da waya, kada a tsayar da ita, domin layin duka ya fito. Rana ta kasance bayan mai ɗauka. Disamba lokacin hunturu ne, iska na cinye sauti, sai mai ɗauka ya ba iska baya ya kare bakin wayar da ɗan ƙyalle. Kada ya manne wa babbar ganga, in ba haka ba ita kaɗai za a ji.

Kowane hoto a sa mishi bayani: wane biki, wace rana, wane gari. Hoton da ba bayani, nan da shekara biyar sai gardama.

A kuma tuna da zagayen shekara. Ana komawa aji wajen Oktoba, ana tashi wajen ƙarshen Yuni. Ranar 3 ga Agusta na faɗowa tsakiyar hutu da damina, yara na gona, wasu malamai sun tafi garuruwansu. In ƙungiya za ta fito ranar, shafin ne zai tara ta, sai a sa wanda zai riƙe shi cikin hutu tun kafin a watse.

Abin da ba a sakawa: siyasa, tallar kayan wani, jita-jita, hoton haɗari ko gawa, da habaici ga wata makaranta.

Hoton ɗiyan mutane

Wannan shi ne mafi nauyi. Yaran da ke cikin layi ɗiyan mutane ne, kuma hoto in ya hau intanet kamar magana ce, zarar bunu, ba a mayar da shi. Kana iya gogewa daga shafinka, amma ba ka iya gogewa daga wayar wanda ya riga ya sauke.

A farkon shekara a tara iyaye, a gaya musu za a riƙa ɗaukar hoto, a nuna musu inda zai fito. Wanda ya yarda a rubuta, wanda bai yarda ba a rubuta, kuma kada a hana ɗanshi kiɗa saboda ya ƙi. A nemi bakin uwaye mata ta ƙungiyarsu ta makaranta, domin su suka fi sanin abin da hoto ke jawo wa yarinya. Bidiyon rawa na minti ɗaya, in ya faɗa hannun ɗan iska ya ɗora mishi wata waƙa, yana iya sa uba ya cire ƴarshi daga makaranta gaba ɗaya. Asarar ta fi ƙarfin ƙungiya.

Saboda haka a fi ɗaukar hoton taro daga ɗan nesa. Kada a haɗa fuskar yaro da cikakken sunanshi, da unguwarsu, da lambar waya. Kada a saka wanda ya faɗi ko ya yi kuskure domin a yi dariya. In uba ko uwa suka ce a cire, a cire a ranar, ba sai an kai ga mai gari ba. Sharhin da mutane ke rubutawa ƙarƙashin hoto a riƙa dubawa kullum, na batsa ko zagi a goge, mai maimaitawa a toshe shi.

Doka ma ta shigo ciki. Tun 2017 Nijar ke da dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP mai kula da ita. Akwai kuma dokar laifukan intanet ta 3 ga Yuli 2019, wadda gyaran da aka yi mata a watan Yuni 2024 ya maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna da zagi ta intanet. Mai riƙon shafi ya san cewa abin da ya saka, shi za a tambaya.

Kiɗan wani da kiɗan sarauta

In ƙungiya ta ɗauki bidiyo ta ɗora mishi waƙar wani mawaƙi, Facebook ko YouTube na iya kashe sautin ko su toshe bidiyon, domin waƙa na da mai ita. A Nijar hukumar BNDA ke kula da haƙƙin mawaƙa da marubuta. Mafi sauƙi a bar sautin yaran yadda yake, ai shi ƴan uwa ke son ji. In malami ko ɗalibi ya tsara waƙa, a rubuta sunanshi a ƙasa. In makaɗin gari ne ya koya wa yara, a ambace shi da yardarshi.

Kakaki da tambari kuwa kayan sarauta ne, ba a busa su ko a buga don wasa, kuma take na da mai shi. In makaɗan fada suka fito tare da ƴan makaranta, a nemi izni kafin a ɗora, kuma a tabbatar an rubuta sarauta da suna daidai.

Kuɗin taimako

Fatar ganga na fashewa, kayan defile na tsufa, mota zuwa Damagaram sai da kuɗi. Ƴan uwa na waje suna da niyya, abin da ke sanyaya musu gwiwa shi ne su aiko su ji shiru.

Kafin a nemi taimako, kwamiti ya zauna ya amince. A faɗi abin da za a saya da kuɗinshi a sefa. A ba da lamba ɗaya tak ta ma'aji, a maƙala ta a saman shafi, a kuma karanta ta a rediyo domin ta zama sananniya. Ko ta Nita aka aiko, ko Al Izza, ko Amana, ko ta hannun direba, a rubuta cikin kaye, mutum biyu su sa hannu. In an saya, a ɗora hoton kaya da rasit. Sunan mai bayarwa ba a fitar da shi sai da yardarshi, wani don Allah ya yi.

Ku kuma na waje, ku yi hattara. Ɓarawo na iya kwafe sunan shafi da hotonshi ya buɗe irinshi, ya bi ku ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ya ce an canza lamba, ko ya ce a aiko yanzu-yanzu, to a dakata. A kira darakta ko wani ɗan uwa a gida a ji ta bakinshi tukuna.

Makulli

Hanyar da aka fi sace WhatsApp ita ce ta lambobi 6 da ke zuwa ta saƙon waya. Wani zai kira ya ce shi daga kamfani yake, ko ya ce za a sa ku cikin wani taron tallafi, a karanto mishi lambobin da suka shigo. Ka karanta, asusu ya tafi. Ba wanda ke da haƙƙin tambayar waɗannan lambobi, ko wane ne shi.

A kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, Facebook da imel. Kalmar sirri kada ta zama sunan makaranta ko shekarar haihuwa. A rubuta ta a takarda, a rufe cikin ambulan, a ajiye wurin darakta, ba a aika ta cikin gurup. Wayar da shafi ke ciki a sa mata makulli kafin a kai ta wurin caji ko wurin mai gyara. In ta ɓace, a je ofishin kamfani a rufe layin a karɓi sabo, sauran masu riƙo kuma su cire asusun da ke cikin wayar har sai an daidaita. Amfanin riƙon mutum uku ke nan.

Rumbun ajiya

Facebook gidan aro ne, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Kamfani na iya rufe shafi ko ya canza doka ba tare da ya shawarci kowa ba. Misali, tun 2025 bidiyon da aka nuna kai tsaye a Facebook ana goge shi bayan kwana 30 in ba a sauke ba. Labarin da ake sakawa a matsayin WhatsApp kuma awa 24 yake yi.

Duk abin da aka ɗauka a ajiye shi wuri uku: katin memori a ofis, wani katin ko kwamfuta a wani gida dabam, da ma'ajiyar intanet. Asusun Google na ba da giga 15 kyauta. A ware kowace shekara da jakarta, kowane biki da sunanshi. In za a aika bidiyon ajiya ta WhatsApp, a aika shi a matsayin takarda, domin hanyar da aka saba na rage kaifinshi. Kati kuma a sa shi cikin gwangwani mai murfi, nesa da zafi da laimar damina.

Gidan da ke da tsohon hoton samariya ko kaset na wani biki, a ara a ɗauka da waya, a mayar wa mai shi. A zauna da tsohon ya faɗi sunayen waɗanda ke ciki tun yana iya tunawa.

Miƙa ragama

Karatun CEG shekara 4 ne. Duk ɗalibin da ke riƙe da shafi, ranar tafiyarshi sananniya ce tun ranar da ya shigo. Saboda haka kada a jira ɗan ajin ƙarshe, wanda jarrabawa ta sha wa kai. A ɗauki na ƙasa da shi ya riƙa koyo a gefenshi tun farkon shekara.

Kafin a tashi hutu, kwamiti ya zauna zama ɗaya domin wannan. A sa sabon mai riƙo, a gwada a ga ya shiga, sannan a cire tsohon. A canza kalmar sirri, a sabunta ambulan. A ƙirga katunan ajiya, a karanta lissafin kuɗi a gaban kowa, a rubuta ranar cikin kaye. Malamin da aka canza wa wurin aiki shi ma haka, ya miƙa shafi ranar da ya miƙa makullin aji. Wanda ya sauka a gode mishi a shafin, da sunanshi in ya yarda, domin aikin sa kai ya yi.

Iyaye, in an kira taron makaranta, ku yi tambaya uku: layin shafin na hannun wa, su wa ke da iko a kanshi, kuma ina ake ajiye hotunan ɗiyanmu? Ƴan uwa na waje, kafin ku aiko, ku ma ku tambaya. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba, a kuma kai shi ga darakta da shugaban iyaye na ƙauyenku.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya kai na nesa gida lafiya.